Rakiyar 'Yar Fari a Wadi Hanifa

A gidanmu na unguwar Malaz hawa na biyu muke, kuma tun da muka tare ban taɓa ganin 'yar farina ta bi matakala da ƙafarta ba. Ko lif ya maƙale a sama, tsayawa take yi ta jira shi tana danna waya. To wannan yarinyar ce, shekarar da ta gama jami'a, ta zo ta zauna a gabana bayan la'asar ta ce tana so ta yi tafiyar kwana goma sha biyu a ƙasa.

Tana da shekara uku muka zo da ita Riyad, lokacin da Malam, mahaifinta, ya samu aikin tafinta a ofishin jakadanci. A nan ta yi wayo, a nan ta yi karatu, Larabci ya fi zama a bakinta. Idan magana ta dame ta sai Hausar ta gudu ta bar ta. Ranar ma rabi da rabi ta yi mini bayani, tana nuna mini hotuna a waya. Wata hanya ce a ƙasar Turai da ke bin gefen kogi daga gari zuwa gari, tsakanin duwatsu da gonaki, kan kowane tudu akwai tsohon gidan sarauta na dutse. Ita da ƙawayenta uku za su tafi, da gwaggon ɗaya daga cikinsu. Su yini suna tafiya, su kwana a masauki, gari ya waye su ɗora.

Na ce, "Idan kun kai ƙarshen, wa za ku tarar?"

"Ba kowa, Umma."

"Me za ku ɗauko?"

"Babu."

"Mota ba ta zuwa wajen?"

"Tana zuwa. Har jirgin ƙasa akwai."

Na dube ta na dubi Malam. Shi kuwa gwanin zamewa ne. Ya gyara tabarau ya ce, "Abin da Ummanki ta ce shi ke nan," ya koma kan jaridarsa ya bar ni da kaya.

Gaskiyar magana tsoro nake ji. Yarinyar nan ba ta taɓa kwana ɗaya a inda ba na nan ba. Mu kuma an tarbiyyantar da mu da kunyar ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a nuna damuwa da shi a gaban mutane, don haka ban iya buɗe baki in ce mata ina tsoro ba. Sai na nemi dabara. Na ce ai ga kwari nan a bayan gari, Wadi Hanifa, inda muke zuwa shan iska da sanyi. Ta fara daga madatsar ruwan da ke arewa da asuba, ta bi shi kudu har inda za ta nuna wa mahaifinta a taswira, tafiyar yini guda irin wadda za su riƙa yi a can. Idan ta kai kafin la'asar ba ta kira mota ba, na yarda. Na faɗi haka hankalina kwance, don na san 'yata.

Ashe ban san ta ba. Washegari na ji ana hawa matakala ana sauka, na leƙa, ita ce da jaka a baya cike da littattafai. Wata biyu tana haka. Ta sayo wani takalmi mai nauyi kamar na masu aikin gini, tana yawo da shi har cikin kicin. Ni dai ina zolayarta, ina cewa maƙwabta za su ɗauka soja muka haifa, amma na fara gane da gaske take.

Ranar wata Asabar cikin watan Janairu Malam ya kai mu madatsar bayan sallar asuba. Sanyi ake yi sosai, an kuma yi ruwa a makon. Ya ce zai je gida, duk wadda ta gaji ta kira shi. Ni ban zo da niyyar doguwar tafiya ba. Na fito da abaya da silifas, da jakar guzuri da na haɗa mata, dambun nama da dabino da fura a gora da filas na shayi. Ta ɗaga jakar ta ce ta yi nauyi, ba za ta iya haɗawa da tata ba. Na ce, "Kawo, ni zan riƙe. Mu je in ɗan taka miki."

Ta ce, "Da wannan takalmin, Umma?"

Na ce mata ni da take gani, a ƙauyenmu na ƙasar Katsina sai na je rafi sau biyu da tulu kafin in tafi makaranta, kuma ba takalmi a ƙafata. Ban gaya mata cewa an yi shekara arba'in da wannan ba, ita ma ba ta tuna mini ba.

Farkon tafiyar akwai daɗi, ba zan ɓoye ba. Kwarin ya yi shiru, duwatsu masu ruwan ƙasa sun tsare dama da hagu, hanyar tsakuwa tana bin tsakiya, ruwan saman da ya kwanta a ramuka yana ɗaukar ido. Bayan katangu ana hango kan bishiyoyin dabino. Can gaba muka iske wani dattijo da rigar aiki yana ba itatuwa ruwa. Da ya ji Hausa a bakina ya saki tiyo ya zo muka gaisa, mutumin Damagaram ne. Ya dubi jakunkunanmu ya ce, "Hajiya, mota ce ta lalace?"

Na ce, "A'a, lafiyarta lau. Tafiya muke yi."

"Zuwa ina?"

Na nuna masa ita na ce, "Tambayi wannan."

Ta yi masa bayani da Hausarta mai ɗingishi. Ya saurara har ta gama, ya ce, "To, Allah ya sa a dace," da muryar wanda ya zo dubiya.

Da hantsi muka iso ƙarƙashin tsohon garin Dir'iyya. Tsofaffin gine-ginen ƙasa na tsaye a kan tudu, da dogayen katangu da ƙananan tagogi, jar ƙasa sak irin ta cikin birnin Kano. Na ce mata, "Ga gidan sarautar nan kin gani, ga kwari, ga ruwa. Me ya rage a Turai?" Ta yi dariya ta ɗauke ni hoto. Ni kuwa a lokacin igiyar silifas ta riga ta fara cin tsakanin yatsuna, gwiwar hagu tana yi mini magana.

A nan ya kamata in koma. Abin da ya hana ni shi ne yadda na san rakiya. A wajenmu idan baƙuwa za ta tafi, za ki taka mata zuwa ƙofar gida, zuwa kan kwana, wani lokaci har bayan gari, hira tana jan ku. Ita ce za ta tsaya ta ce, "Ki koma haka, na gode." Sai ki yi mata addu'a ki juya. Mai rakiya tana iya cewa za ta koma, amma ni da na gama cika baki da zancen rafi da tulu, ina zan kai wannan kunya? Sai na yi ta jira ta sallame ni. Ita kuwa ta tashi a garin da rakiya take ƙarewa a bakin ƙofar falo, ba ta taɓa ganin an yi ba, ni ma ban taɓa koya mata ba. A tunaninta na zo ne in sa mata ido har ƙarshe.

Muka yi ta tafiya ina cika ina batsewa. A raina ina cewa, dubi yarinyar nan, uwarta na ɗingishi ko ta ce ki huta. Ta karɓi jakar guzurin ta rataya a gaba, tata a baya. Ta rage sauri. Ta ƙara ragewa. Duk inda ta ga benci sai ta ce ita ta gaji, mu zauna, alhali ko haki ba ta yi. Mun yi azahar a gindin wata bishiya, na lura ta ciro waya ta dubi taswira, ta dubi lokaci, ta mayar aljihu. Ban yi karatun taswira ba, amma na iya karanta fuskar abin da na haifa. Da irin tafiyata ba za ta kai kafin la'asar ba, kuma ta sani.

Ba mu yi nisa daga nan ba ƙafar ta ƙi. Ta zaunar da ni a kan wani dutse kusa da inda motoci ke tsayawa, ta durƙusa ta cire mini silifas ɗin. Bororo biyu sun fashe. Ta wanke da ruwan shanta, ta ciro filasta daga wata 'yar jaka da ta shirya don kanta, ta liƙa a hankali. Kanta a sunkuye ta ce, "Ma'alesh, ba komai, Umma. Mu kira Abba. Halas, shi ke nan, wata shekarar sai in tafi."

Abin da na fito nema ke nan tun asuba, ga shi an miƙo mini. Ba ta kai ba, sharaɗi bai cika ba, ba wanda zai ce na hana ta. Amma ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan lokacin ba. Yarinyar ta yi wata biyu tana hawa matakala, ƙarfinta na nan, ni ce na ɗaure mata ƙafa, kuma ko a fuska ba ta nuna mini ba. Ina kallon tsakiyar kanta na ji sonta ya cika mini ƙirji har ya yi mini zafi. Da yake ban iya faɗar irin wannan ba, sai na yi faɗa.

Na ce, "Ke wai ba ki san ana sallamar mai rakiya ba? Tun safe ina bin ki kamar jela."

Ta ɗago ta ce, "Sallama yaya?"

"Rakiya na yi miki. Ke ce mai tafiya. Ke za ki ce mini in koma."

"In bar ki a nan?"

"Ga mutane, ga titi, ga waya a hannuna. Awa nawa ya rage miki?"

"Idan na yi sauri, biyu."

"To me kike jira? Ce mini, Umma ki koma haka, na gode."

Ta miƙe tsaye. Ta gane abin da nake ba ta, don idonta ya kawo ruwa. Ta gyara jakarta, ta faɗa a hankali, tana ajiye kowace kalma kada ta yi kuskure.

"Umma, ki koma haka. Na gode."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya."

Na cusa mata dabino a aljihu. Ta kama hanya da saurin da ban taɓa sanin tana da shi ba. Sau biyu tana waiwayowa, ina korarta da hannu. Hanyar ta lanƙwasa bayan wata katangar gona, na daina ganinta. Na daɗe ina kallon wajen kafin na kira Malam.

Da ya iso ya gan ni ni kaɗai a kan dutse da ƙafa a naɗe, ya duba dama da hagu ya ce, "Ina take?"

Na ce, "Ta yi gaba."

"Ita kaɗai? Ke kika bar ta?"

Na ce, "Ita ta sallame ni."

Ya ɗauki jakar guzurin ya sa a baya, ya kama hannuna har mota. Muka nufi inda za mu jira ta. Na juya fuskata wajen taga ina kuka, shi kuma ya yi kamar titi kawai yake kallo.