Ƙuri'ar Mai Agogo

Mijin yayata mai gyaran agogo ne, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin matakalar bene: tebur, kujera, sai agogunan da masu su suka manta da su. Wa ke kawo gyaran agogo yanzu? Kowa wayarsa yake dubawa. Tun da Yaya ta rasu, yaran kuma kowa ya kama gabansa, a nan yake wuni da gilashi manne a ido, ba mai ce masa sannu.

Wata rana ya miƙo mini wayarsa. "Ƙanwata, buɗe mini zauren karatu a cikin abin nan."

Na buɗe masa guruf. Na zuba 'ya'yansa, da mai kemis na kusa da shi, da mai aski, da duk wanda lambarsa ta faɗo hannuna. Shi kuwa ya kafa doka: duk farkon wata kowa ya kawo sunan littafi, a kaɗa ƙuri'a, littafin da ya ci, shi Malam zai riƙa karanta mana shi da murya kowace safiya kafin ya buɗe shago.

Da fari abin ya yi armashi. Mai kemis ya kawo littafin dabarun kasuwanci, autar Malam ta kawo na soyayya. Shi ya kawo wani tsohon littafi mai yagaggen bango, labarin 'yan'uwa biyu da suka tafi fatauci. Ƙuri'a ɗaya ya samu, tasa. Wata ya zagayo, ya sake kawo shi, ya sake shan kaye. Har tsiya muke masa, wai ɗan takarar Malam ko a akwatin gidansu ba ya ci. Bai taɓa yin fushi ba. Wanda ya ci shi yake karantawa tiryan-tiryan, har na soyayyar, yana yi yana gyaran murya.

A hankali mutane suka zame. Zauren ya koma na tallar turare da barka da safiya, daga baya wannan ma ya ɗauke. Muryarsa kawai ke shigowa, ba mai amsawa. Abin ya ci mini rai, na wanke ƙafa na same shi a shago.

"Haba Malam! Zauren nan fa naka ne. Ka karanta littafinka mana, wa zai kama ka?"

"Doka ce."

"Wa ya kafa ta?"

"Ni."

Don haushi na fizgi littafin daga kan tebur. Ya buɗe da kansa a tsakiya, wurin da aka sa wani koren ƙyalle. Na san ƙyallen nan. Yaya tela ce, ragowar rigar da ta ɗinka ta ƙarshe ne. Da yamma tana taka keke, shi yana karanta mata.

"Nan muka tsaya," ya ce. "Ni kaɗai ba zan iya wucewa ba. Kuma ba na son a saurare ni don tausayi."

Na ajiye masa abinsa.

Da wata ya kama, na sa wa littafin ƙuri'a. Ba wanda ya kaɗa sai mu biyu, saboda haka ya ci. Nan take ya kira ni.

"Tausayin ne ko?"

"Tausayin wa? Ni dabarun kasuwancin nan ne suka ishe ni. Ka fara daga inda kuka tsaya."

"Ke kin ji farkon ne?"

Daga shafin farko ya ɗauko. Da fari babi guda yake yi kowace safiya, ina shara ina saurare. Da ya doshi tsakiya sai ya koma shafi ɗaya, sannan rabin shafi. Jiya 'yan layuka ya karanta, ya ƙarasa da ba ni labarin wani agogon bango da ya ƙi gyaruwa.

Yau da safe saƙon ya shigo kamar kullum. Na ajiye tsintsiya na buɗe. Ba murya, sai bugun agogunan shagon, da ƙarar takarda: an juya shafi, an sake mayar da shi.

Na danna na ce, "Ina ji, Malam. Ba sauri nake ba."