Ina zan samo kitsen gyaran gwiwa?

Ina zaune ƙofar gida ina shafa wa gwiwata man shanu, sai ga ɗana Sani daga Kano.

Ya ce, "Baba, likitoci na bincike. Wai a ɗebi kitsen cikin mutum, a tace wasu ƙwayoyin halitta, a zuba a gwiwarsa ko za ta gyaru."

Na ɗaga riga na nuna masa haƙarƙarina. "Kai, duba nan! Wanda ƙarfinsa ya ƙare a gonar Balan, attajirin garinmu, ina ya ga kitse?"



Ga damina ta ƙarato, yara na cewa a ba da aron gonata. Ban yarda ba, amma gwiwar ta hana ni noma.

Jama'a, ku faɗa min, ashe ko a magani ma masu tumbi ne za su riga mu?