Kailani Mai Firij da Layin Fidda Gwani

A Tudun Wada, in firijinka ya daina sanyi, wajen Malam Kailani za a tura ka. Shagonsa na bayan kasuwa. Siririn mutum ne, ba ya son hayaniya, shi ya sa mutane suka yi mamaki da aka ji ya shiga jam'iyya.

A Jidda ya koyi sana'ar. Shekara bakwai ya yi can, ɗakinsu ɗaya da wani ɗan ƙasar Filifin mai suna Renato. A bakinsa ya ji yadda suke yi: ƙasar gaba ɗaya ke zaɓen sanatoci, goma sha biyu a lokaci guda, jam'iyyu su haɗa kai su fito da jerin sunaye. Kailani ya tambaye shi wa ke rubuta sunayen. Renato ya ce manya ne, su duba wanda ya fi tashe su saka, shi dai ba a taɓa jin ta bakinsa ba. Kailani ya san a gida ma kusan haka ne.

Da ya dawo Zariya ya buɗe shago, ya auri Ishatu, malamar firamare. Wata ƙaramar jam'iyya ta ba shi sakataren mazaɓa, saboda rubutunsa na da kyau kuma ba ya fashin taro.

Ana nan sai jam'iyyar ta haɗe da wasu biyu don su tsayar da ɗan takarar sanata ɗaya. Mutum biyu suka fito: Alhaji Sharfaddeen, ɗan kasuwa, da Dokta Labaran, tsohon malamin jami'a a harabar Kongo, nan Zariya. Kowa ya san Kailani na Dokta ne.

Wata Asabar da hantsi shugaban haɗakar ya tara 'yan jam'iyyun ya ce manya sun zauna a Kaduna, an yi maslaha, Dokta aka ba. Ana cikin tafi Kailani ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, matan da suka bi gida-gida suna yi mana rajista, wa ya tambaye su?"

"Malam Kailani, naka aka ba. Me kuma kake nema?" in ji shugaban.

"A bari mu ba shi da hannunmu."

Bai tsaya nan ba. Mako uku yana rufe shago da wuri, ya hau acaɓa ya bi sakatarorin sauran mazaɓu, wasu kuma ya buga musu waya, yana neman su sa hannu a takardar neman a yi zaɓen fidda gwani. Da sa hannu ya yi yawa, manyan suka haƙura aka ce a yi ƙato-bayan-ƙato, kowa ya tsaya bayan hoton gwaninsa.

A mazaɓarsu shi aka ba ƙirgen. Ya bi layin Dokta yana faɗar lamba da ƙarfi, ya sami ɗari da tamanin da bakwai. Ya koma na Alhaji. Can tsakiyar mata sai ga Ishatu, ta gyara mayafi tana kallonsa. Ya ƙirga ta ya wuce. Ɗari biyu da goma sha biyu. Ya rubuta, ya karanta wa jama'a. Da aka haɗa sauran mazaɓu, Alhaji ne ya sami tikitin.

Abin ya yi wa Kailani ciwo. Wasu magoya bayan Dokta suka yi wata guda ba sa amsa sallamarsa. Dokta kuwa da kansa ya zo shagon, ya zauna a benci.

"Ka kayar da ni, Malam Kailani."

"Jama'a ne, Dokta. Ni a bayanka nake."

"Na sani. Shi ya sa na zo gaishe ka."

Tun daga lokacin, ko 'yan acaɓa za su zaɓi shugaba, ko za a sake kwamitin masallaci, sai an aiko masa. Ya wanke hannu, ya sa hula, ya tafi ya ƙirga.