Lasisin da Aka Hana Malam Habibu

Cikin wannan wata mijina, Malam Habibu, ya cika shekara ashirin da rasuwa. Yaranmu sun so a yi taro, a gayyato masu jawabi, ni kuwa na ce a bar ni na rubuta abin da na sani. Yawancin waɗanda za su riƙe lasifika su yabe shi, na san inda suka tsaya lokacin da yake neman mai tsaya masa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni dai ban huce ba, kuma ba zan yi ƙarya da furfurata na ce na huce ba.

Malam masanin halayyar ɗan'adam ne, cikin 'yan ƙalilan da ake da su a garin nan a wancan lokaci. Ba ya rubuta magani, ba ya yin allura. Zama yake yi da wanda damuwa ta yi wa yawa, ko tsoro ya hana shi fita, ko ya fara jin muryoyin da sauran mutane ba sa ji, su yi ta magana mako bayan mako har abin ya lafa. A unguwarmu ta Ƙofar Mata likitan mahaukata ake ce masa a bayan ido, a gaban ido kuwa Malam. Ni ma idan ya ɓata mini rai haka nake kiransa, sai ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ya auro ni, don kada ya rasa aiki a gida.

Ban da marasa lafiya, yana da ɗalibai. Duk wanda ya gama karatun aji a wannan fanni sai ya shekara a hannun gwani, yana ganin masu matsala gwanin na kallonsa, kafin a yarda ya zauna da mutum shi kaɗai. Malam ya fi shekara goma sha biyar yana wannan aiki. Zai sa ɗalibi a gaba, shi ya koma lungu da carbinsa, ko tari ba ya yi. Sai mai matsalar ya tafi zai ce, to me ka ji? Idan ɗalibin ya soma zazzago abin da ya haddace a littafi, sai Malam ya ce abin da ka karanta ke nan, ni abin da ka ji nake tambaya. Akwai waɗanda suka yi kuka a sorona saboda wannan tambaya.

Na ce sorona, domin a nan ake yin mafi yawan aikin. Ɗan cikin birni ba zai je asibiti ya tsaya a tagar yankar kati ya faɗi sunansa da na gidansu ba, alhali mai yanka katin ɗan maƙwabcinsa ne. Kowa ya san yadda ake binciken aure a garin nan. Kafin a ba da 'ya ko a karɓa, sai an aika dattawa sun bi diddigin gida, an tambaya ko akwai taɓin hankali a dangi. Idan aka ce an taɓa ganin ɗaya daga cikinsu wajen likitan mahaukata, to ba shi kaɗai abin zai shafa ba, har ƙannensa da 'ya'yan yayyensa. Saboda haka mutane sukan zo gida da hantsin Asabar kamar masu gaisuwa, da goro a hannu, su shige soro. Malam yana rubuta komai a kundi, amma ko sau ɗaya bai taɓa sa suna ba. Mutumin rini, matar da ba ta barci, mai tsoron rijiya, haka yake rubutawa. Ni da nake aika musu ruwa, na san fuskoki da yawa, kuma ban taɓa tambaya ba.

Duk zamanin soja haka aka tafi. Idan shekara ta ƙare Malam ya ce ɗalibi ya iya, sai shugaban sashe ya sa hannu, shi ke nan. Da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, sai kowa ya kama cewa daga yau komai sai bisa ƙa'ida. Mun yi murna, ni har guɗa na yi ranar rantsuwa. Ba a jima ba aka kafa kwamiti, aka ce duk mai duba ɗalibai sai ya mallaki lasisi, wanda kuma ba shi da shi, shekarar ɗalibansa ta tashi a banza. Zan yi musu adalci: akwai dalili. An sha ganin waɗanda suke sa wa ɗalibi hannu ba su ko san fuskarsa ba. Malam da kansa ya ce gyaran ya yi kyau, shi ne ma na farko da ya karɓo fom.

Fom ɗin ne ya zo da magana. Ana so ya kawo jerin mutanen da ya gani tare da ɗalibai, kowanne da cikakken suna, da lambar kati, da unguwa, kuma za a zaɓi wasu a aika a tabbatar. Malam ya ɗauki kundayensa ya kai, aka buɗa, aka ce wannan ai tatsuniya ce. Shugaban kwamitin, Dakta Sabo, abokin karatunsa ne, sun ci tuwo a kwano ɗaya a gidan nan ba sau ɗaya ba. Shi ya gaya masa cewa shi kansa ya san Malam ya fi kowa cancanta, amma takarda ba ta san haka ba. Malam ya tambaye shi wa zai riƙe jerin sunayen. Aka nuna masa magatakarda, wani mutumin Dukawuya da babu ɗaurin auren da ba a ganinsa a ciki.

A shekarar yana da ɗalibai uku, maza biyu da mace ɗaya, Sa'adatu. Malamar makaranta ce mai 'ya'ya huɗu, ta samo hutun karatu da ƙyar, kuma an gaya mata ba za a ƙara mata ko wata ɗaya ba. Malam yakan ce cikin duk waɗanda ya koyar babu mai kunnenta. Wata uku ya rage ta gama. Idan bai samu lasisin ba, duk Asabar ɗin da ta bar yaranta ta zo sorona ba za a lissafa mata ba.

Na matsa masa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na ce ya rubuta sunayen ƙarya kawai, ai na ji wasu haka suka yi suka wuce. Ya ce in kawo suna ɗaya da ba shi da mai shi a birnin nan. Idan ya rubuta Amina Garba ta Dukawuya, akwai su goma, kuma a cikinsu wata tana jiran a kawo mata lefe. Na ce to ya nemi izinin masu sunan. Wannan ya gwada. Ya je wajen wani dattijo da ya yi shekara biyu yana kawo ɗansa, yaron ya warke har ya buɗe shago. Da ya dawo bai ci abinci ba. Daga baya ya gaya mini dattijon ya riƙe masa gefen riga ya ce, “Malam, idan rai kake so ka ɗauka, amma 'ya'yana mata uku ba su yi aure ba.” Bai sake zuwa gidan kowa ba.

Aka hana Malam lasisin. Wasiƙar layi huɗu ce, ta ce bai kawo shaidar da za ta nuna ya taɓa duba ɗalibi ba. Mazan biyu suka tafi wani gari suka maimaita shekara. Sa'adatu ta koma aji da alli. Aka turo wani matashi mai lasisi, wanda Malam ne ya koya masa yadda ake zama da mara lafiya, aka ce daga yanzu shi zai riƙa duba aikin Malam. Malam ya rayu shekara biyu bayan haka. Ba zan ce takarda ce ta kashe shi ba, ajali ne, amma na ga mutumin da ke son Asabar ya koma yana kwana biyu bai leƙa soro ba.

Ranar zaman makoki an cika ƙofar gida da mutanen da 'yan'uwansa ba su sani ba. Idan aka tambaye su daga wane gida, sai su ce a masallaci suka san shi. Ni na gane su, su ma sun san na gane su, muka gaisa kamar baƙi. Dakta Sabo ma ya zo, ya faɗa wa jama'a cewa an yi rashin da ba za a maye ba.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Masu lasisi sun yi yawa, kowa ya rataya nasa a bango cikin gilashi, wasunsu kuma na ji ana yabon aikinsu. An ce yanzu lamba ake sa wa mutum a maimakon suna, abin da Malam ya roƙa a yi tun a lokacin aka ce ba ya cikin ƙa'ida. Babu wanda ya zo ya ce mini ashe yana da gaskiya. Jikata kuwa ta nuna mini a wayarta wani bawan Allah da ciwo ya kama, an ɗauke shi hoto ana yawo da shi, wai ana wayar da kan jama'a. Binciken aure kuma yana nan yadda yake, dattawa na nan suna bin gida-gida. Ina jin zai ɗauki carbinsa ya koma lungu, ya tambaye su me suka ji.

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa a ido. A takardun hukuma bai taɓa koyar da kowa ba. Akwai dai gidaje a birnin nan da aka yi aure aka haihu lafiya, jikokinsu ba su san sunansa ba, kuma haka ya so. Na daɗe ina rarrashin kaina da wannan, ina cewa ya isa.

Bara na je ta'aziyya Kabuga, na ga Sa'adatu a cikin mata. Ta yi ritaya daga koyarwa, ta tsufa kamar ni. Tun rasuwar Malam ba ta sake tako gidana ba. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta yi masa addu'a mai kyau. Ni da rigimata sai na ce mata ai ta ga irin amanar malaminta, ya yarda ya rasa komai don ya rufa wa mutane asiri. Ta gyara mayafi, sannan ta ce, “Hajiya, ya rufa wa kowa asiri, gaskiya ne. Amma ba shi kaɗai ya rasa ba, kuma ni ba a tambaye ni ba.”

Shekara ashirin ina ɗauke da fushin kwamiti, ban taɓa tunanin akwai mai ɗauke da fushin Malam ba. Na so na kare shi. Da ya sa sunayen mutanen nan na gaskiya da na raina shi, da yake bai sa ba kuma ga abin da ya faɗa kan matar da ta fi kowa yarda da shi. Na ce mata ta yafe masa. Ta ce tana ƙoƙari.