Layi Shida da Na Ja a Katin Kakata

Da an buɗe kwalbar alkol, ruwan goge fata kafin allura, a asibiti, tun kafin a shafa min a tafin hannu, sai in tsinci kaina a garin Tawa, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, riƙe da katin allurar kakata.

Shekarar fari ce, zamanin soja. Gero bai yi ba a wajajen Barmu, mata suna shiga daji tsinkar 'ya'yan anza don a sami abin sa wa ciki. A can ƙaya ta soki kakata, mahaifiyar babana, a hannun dama. Kafin labari ya iso mana, hannun ya kumbura suntum. Babana, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya je ya ɗauko ta. A ƙauyensu ita ce mai kiɗan ƙwarya, ba a biki sai da hannun nan.

Majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani na unguwarmu, ya rubuta allura goma, kullum ɗaya, ƙarfe biyar na marece. In ya yi, sai ya ja layi a kati. Ni ke raka ta, ni ke kawo wa babana katin ya duba.

Ita kuwa ba ta yarda da abin ba. A wurinta ciwon daji ne, kuma kowa a ƙauye ya san daji ba ya son ƙarfe. Tafiyar minti goma sai mu yi awa, don ko akuya ta gani a hanya sai ta tsaya tambayar ta wace ce.

A allura ta huɗu kumburi ya saɓe. A makon ne kuma aka fara nuna gasar rawa ta matasan jihohi. Maƙwabcinmu, ma'aikacin gidan waya, shi kaɗai ke da tele, akwatin talabijin, a layinmu. Yakan fito da ita tsakar gida, unguwa ta shimfiɗa tabarmi. Ƙarfe biyar ake farawa.

Bari in faɗa muku gaskiya, ni na kawo shawarar.

"Kaka, yau 'yan Adar za su yi rawa."

"To majo hwa, ɗiyata?"

"Ai ni ma ina da bik na jan layi."

Ta dube ni, ta kwashe da dariya. "Ɗiyan lakwal! Allah shi shirye ku."

Da farko ta ja mayafi ta rufe fuska, wai mazan cikin akwatin suna kallonta. Ba a jima ba ta manta da kunya, ta koma alƙaliya. "Wagga yarinya ba ta iya ba," in ji ta. "Ƙahwa ka bin kiɗi, ba wuya ba." Tana magana tana buga min kiɗin a gwiwa da hannun nan mai bandeji. Duk shekarar ban ga haƙoranta a waje ba sai a tabarmar nan. Kwana shida muka yi, layi shida na ja, ina kwaikwayon hannun majo har da 'yar lanƙwasar da yake yi a ƙarshe. Babana ya duba kati, ya sa min albarka.

Bayan mako guda zazzaɓi ya rufe ta. Hannun ya yi baƙi, ya fara wari. A babban asibiti aka yanke yatsu biyu, sauran suka ƙage. Da babana ya je wa majo da ƙorafi, majo ya ce sau huɗu kaɗai ya gan ta.

Babana ya shigo ɗakin da kati a hannu, idonsa a kaina. Kafin ya buɗe baki kakata ta riga shi.

"Ni nis sa ta. Na ce in ba ta zana ba ina tsine mata. Kak ka taɓa min ita."

"Inna, don mi?" Abin da ya iya cewa ke nan. Ranar na fara ganin hawayen babana. Ni kuwa na sunkuyar da kai.

Ta koma ƙauye, ta ba wata mata ƙwaryarta. Ba ta taɓa tayar min da maganar ba har ta rasu. Babana kuma, duk lokacin da wani ya ƙi shan magani, sai ya ba shi labarin taurin kan mahaifiyarsa. Shekara da shekaru ina zaune a gefe, ina dama masa fura, ina ji. Sau nawa na buɗe baki na rufe, har shi ma ƙasa ta rufe shi. Wannan shirun ya fi layukan ci min rai.

Yau yatsana ne ke maƙalewa, ana yi min allura a tafin hannu. Jikokina a waya suke kallon gasar rawa, su tsayar, su je aike, su dawo su ci gaba. Ba wanda zai zaɓa tsakanin rawa da allura. Mai yi min takan ce, "Hajiya, ke dai akwai dauriya." Ba ta san komai ba.

An yi min huɗu, ranar Litinin ce ta biyar. Jikata ta ce za ta raka ni. Na ce ta zauna ta kalli rawarta, katina ni zan riƙe.