Daddawata da Giyar Ruɓaɓɓen Inabi

Lokacin da ake haƙa ramin jirgin ƙasa a ƙarƙashin Alƙahira, ni ina kuku a unguwar Ma'adi, gidan wani injiniya Bafaranshe da matarsa. Faransancin da na tsinto a Maraɗi shi ya ba ni aikin. Na iya girkinsu har na fi su, amma tuwona da miyata ni nake yi wa kaina a kusurwar kicin.

Wani ɗalibi ya taho mini da daddawa daga gida, cikin gwangwanin madara. A Masar kuwa ko za ka ba da raƙumi ba ka samun ƙwaya ɗaya. Ranar da Madam ta buɗe gwangwanin nan, ihun da ta yi sai da jakunan Giza suka amsa.

"Wannan mushen fa? Ya ruɓe! Ko ya bar gidan nan, ko ka bar shi."

Na ce, "Tamam, Madam." Na sauka na ba mai gadin ƙofa ajiya. Kwana huɗu ina shan miya kamar ruwan wanki.

Ran Lahadi aka yi baƙi cin abincin rana. Maigida ya fito da wata kwalba yana riƙe da ita kamar jaririn da aka haifa yau. Giya ce fara, amma launinta na zuma. Ni ban taɓa kai ta baki ba, ba kuma zan kai ba, sai dai hanci ba ya neman izini: ƙamshin zuma da busasshen mangwaro. Ya ce daga Sotan take, kudu da birnin Bordo a ƙasarsu. Wai a can wani ƙaramin kogi mai sanyi ke shiga babba, da safe tururi ya rufe gonaki, sai fumfuna ta kama inabin, ya yamutse ya zama kamar fatar tsohuwa. Shi ake bi ana tsinka ɗaya-ɗaya, zaƙin duk ya taru a ciki. Ba a shan ta da komai sai hantar agwagwa, ko cukun nan mai koren fumfuna, don gishirinsa ya kama zaƙinta.

Cukun kuwa yana hannuna a faranti, yana warin safar soja.

Na ce, "Maigida, a gafarce ni. Inabin ruɓewa ya yi?"

"Ruɓa mai daraja," in ji shi, yana ɗaga yatsa.

"Cukun fa?"

"Shi ma da gangan ne."

Na ajiye farantin. Na sauka bene uku da gudu, na karɓo gwangwanina, na dawo na dire shi tsakanin kwalbar da cukun, na cire murfi. Wata baƙuwa ta ja kujera baya.

Na ce, "To ga ɗan'uwansu na uku. Kalwa ce, aka dafa, aka rufe ta kwana uku da gangan. Kakata ta fi masu inabinku sanin ranar buɗewa. Naku ya ruɓe an sa masa riga da hula, nawa ya ruɓe an kai shi wurin mai gadi. Yau ko su zauna tare, ko ni da nawa mu kama hanya. Khalas, shi ke nan."

Maigida ya yi dariya har ya ƙware. Madam ba ta yi ba. Ta ce, a hankali, "Baranda. Can zai zauna. Ba cikin kicin ɗina ba."

Na ce, "Tamam, Madam. Masu wari, baranda."

Da baƙi suka tafi na kai gwangwanina baranda. Na koma na buɗe firji, na ɗauko cukunta, na ajiye shi gefensa. Kwalbar na bar ta, ita ba ta wari. Sannan na haɗa kayana cikin jaka na jingine bakin ƙofa, don kada a ce sai an kore ni.

Rana ce ta watan Yuli. Daddawa ’yar Maraɗi ce, ko a jikinta. Cuku kuwa kafin la'asar ya fara zufa, ya kwanta, ƙudajen unguwa suka kira danginsu na garin Helwan.

Ina wanke tukwane sai ga Madam ta shigo, cuku a hannun dama, gwangwani a hagu, ta miƙar da hannun hagun can nesa da hancinta. Ta sa cukun a firji. Ta tsaya. Sai ta buɗe kabad na sama, ta tura gwangwanin ciki, ta rufe da ƙarfi.

"Murfin a rufe kullum."

"Na cukun ma, Madam."

Ta juya ta fita. Na je na kwance jakata, na ɗora miyar kuka.