Jitar Kawu Mai Tsirkiya Huɗu

Akwai wani wari da ke tashi a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta Camberwell idan an yi ruwa, warin danshin tsohon bulo da baƙin mai da tsatsa. Makon jiya na bi ta wurin zan je asibiti duba wata maƙwabciyata, sai warin ya tare ni, na tsaya cak da lema a hannu. Rumfunan da ke ƙarƙashin gadar yanzu duk an sa musu gilashi, ana sayar da kofi da burodi mai tsada. Amma ni abin da na gani a wannan tsayuwar shi ne kawuna, ya rataya jita a wuya, ya lumshe ido.

Ina ƙarama aka kawo ni London daga Kaduna. Baba ya riga mu zuwa karatu, ya samu aiki a council, wato ƙaramar hukuma, daga baya muka biyo shi ni da Umma. Kawu, ƙanin Umma, shi ya riga kowa zuwa. Karatun injiniya aka turo shi, ya fara, ya ajiye, ya ɗauki jita. Babba ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake kira bass, irin wadda sautinta ke bugun mutum a ƙirji kafin ya isa kunne. Shi da abokansa sun haɗa ƙungiyar kiɗa, suna yin funk da soul irin na baƙaƙen Amurka da ake yayi a lokacin. Mawaƙinsu ɗan Jamaica ne, direban bas da rana. Mai ganga ɗan Ghana ne daga zangon Kumasi. Mai busa ƙaho kuma Kirista ne daga Filato, yana tura gadon marasa lafiya a asibiti. Sauran sun riƙa sauyawa, amma waɗannan huɗu ba su rabu ba sai da tsufa ya raba su.

Ranar Asabar Umma tana zuwa aikin ɗinki a Lewisham, Baba yana laburare yana shirin jarrabawa, don haka a hannun Kawu ake barina. Shi kuma Asabar ce ranar gwajinsu. Sai ya saka mini kot da safar hannu, mu taka zuwa rumfar da suka kama a ƙarƙashin gadar nan. Da hunturu akwai wata hita ta kananzir da suke kunnawa, a zaunar da ni kusa da ita a kan akwatin ganga. Mai gangar ya kan ce mini, "Yarinya, ka zo? Ka ci abinci?" Ni kuwa in yi ta dariya, wai yana ce mini "ka" kamar namiji. Idan jirgi ya ratsa ta sama, ƙura ta riƙa zubowa daga rufin, kowa ya dakata ban da Kawu. Shi ci gaba yake yi, yana bin ƙugin jirgin da yatsunsa har ya wuce. Idan azahar ta yi, ya jingine jitar, shi da mai ganga su shimfiɗa kwali a bayan manyan lasifikoki su yi salla. Mawaƙin ya ɗaga hannu, ba mai taɓa ko tsirkiya ɗaya sai sun sallame.

Ban san ina ganin wani abu na musamman ba. A wurina Asabar ce kawai, ranar da ake saya mini cips, soyayyen dankali mai gishiri, kuma ba mai ce mini in daina tsalle.

Wata Asabar Baba ya tashi daga laburare da wuri, ya ce bari ya biyo ya ɗauke ni. Ya turo ƙofar ƙarfen rumfar ya tarar ina tsakiyar rumfa ina rawa, mai ƙaho yana busa mini, ga kwalaben giya na wasu daga cikinsu a gefe. Bai yi wa kowa sallama ba. Hannuna ya kama muka fita. A gida na ji yana ce wa Umma, "Ban kawo ta ƙasar nan don ta zama 'yar amshin maroƙa ba. In yana so ya zo gidan nan, ya zo, amma ya bar wannan abin a waje." Daga ranar ban ƙara shiga rumfar ba.

Kawu bai daina zuwa gidanmu ba. Duk Lahadi yana nan, ya ci tuwon semo da miyar kuɓewa, ya gyara mana rediyo ko famfo, ya gaida Baba da ladabi. A teburin nan ana hirar siyasar gida, ana hirar tsadar tikitin jirgi, ana hirar wanda ya haihu da wanda ya rasu. Abin da Kawu ya yi a makon nan kuwa, ko ina ya je, ko su wa suka saurare shi, ba a taɓa tambaya ba. Kamar mutum ne da ba shi da sana'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata ƙaramar Salla. Mun taso daga masallacin Regent's Park, aka wuce gidan wani Alhaji da ke shugabantar ƙungiyar 'yan Arewa, inda ake taruwa cin abinci. Kawu ya shigo cikin farar shadda, ya yi kyau ƙwarai. Alhajin nan ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce, "A'a, ga maroƙinmu ya iso! Ka ɗan wasa mu mana kafin a kawo nama." Falon ya ɗauka da dariya. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Allah ya maimaita mana, Alhaji," ya nemi wuri kusa da ƙofa ya zauna. Na ga Umma ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Ku kula, mutanen nan da suka yi dariya, kusan kowannensu yana da kaset ɗin mawaƙan soul na Amurka a motarsa. Wasunsu da irin wannan kiɗan suka yi rawa suna samari a Kaduna da Zariya, da wando mai faɗin ƙafa. Idan Ba'amurke ya kaɗa, gwaninta ce, har a ƙara murya. Idan namu ya kaɗa, ya zubar da mutuncin gidansu. Har yau na kasa gane wannan lissafin, kuma na daina ƙoƙarin ganewa.

Tarihin ƙungiyar Kawu guntu-guntu na tsince shi, yawanci daga bakin mai ƙaho idan mun haɗu a hanya. Sun yi faifai, har wata waƙarsu ta ɗan yi tashe a rediyo wata bazara. Sun zaga Jamus da Holan cikin wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. Sannan yayi ya juya, aka kawo na'urar da ke buga ganga da kanta, masu gidajen rawa suka ga mutum ɗaya da faifai ya fi musu sauƙi a kan mutum takwas da kaya. Ƙungiyoyi irin tasu suka yi ta watsewa. Su suka ƙi. Suka koma bukukuwan aure na 'yan Jamaica, da dakunan taro na coci, da ƙananan wurare a garuruwan bakin teku. Kawu ya kama tuƙin tasi don ya riƙe kansa, amma Asabar ba ya ɗaukar fasinja. Can bayan shekaru masu yawa, sai wasu samari masu haɗa waƙa da kwamfuta suka tono tsohon faifansu, suka riƙa yankar wurin da jitar Kawu ke tafiya ita kaɗai suna ɗora waƙoƙinsu a kai. Nan da nan aka tuna da su. Aka fara gayyatarsu manyan tarukan bazara, tsofaffi da furfura, yara sa'annin jikokinsu suna ihu a gabansu.

A daidai wannan lokacin ne shanyewar ɓarin jiki ta kama Kawu. Hannun hagunsa, wanda yake danne tsirkiya da shi, ya mutu. Magana ta dawo masa a hankali, hannun bai dawo ba.

Ƙungiyar ta ci gaba, ta ɗauki wata budurwa a gurbinsa. Da suka shirya bikin cikar shekarunsu masu yawa tare, a wani fili a kudancin London da rana tsaka, suka ce lalle a kawo Kawu. Lokacin na yi aure har da 'ya'ya. Na ɗauki waya na kira duk wanda na sani a cikin mutanenmu. Wannan ya ce yana da ɗaurin aure a Manchester, wancan ya ce ai wurin kiɗa bai dace da shekarunsa ba, wata ta ce, "In sha Allahu zan yi trying," na san ba za ta zo ba. Baba ya ce ƙafarsa na ciwo.

Na tura Kawu a keken guragu har gefen dandamali. Filin ya cika maƙil, Turawa da baƙaƙe, har da masu goyo. Yana ta waige-waige cikin taron, na san abin da yake nema. Can sai ga Umma ta ratso mutane da hijabinta da jakar hannu, tana haki. Bas biyu ta hau, ba ta gaya wa Baba inda za ta ba.

"Yaya, kin zo?" in ji Kawu.

"Na zo."

Aka fara. Budurwar nan ta iya, ba laifi, tana bin sawunsa tiryan-tiryan. Mawaƙin ya tsayar da kiɗa ya nuna Kawu, ya gaya wa jama'a cewa wannan sautin da suke rawa da shi daga hannun mutumin nan ya fito. Filin ya ɗauki tafi, aka daɗe ana yi. Umma ta dubi taron, ta dubi yarinyar da ke riƙe da jita, sannan ta dubi hannun ƙaninta da ke kwance a cinyarsa. Ta ce, "Ni fa ban taɓa ganin ka kana kaɗawa ba." Kawu ya ce, "Ba komai, Yaya." Ta juya baya tana share fuska da gefen hijabi. Ni kuwa abin da na ji ba tausayi ba ne, haushi ne. Tsakanin gidanmu da rumfar da ya yi rabin rayuwarsa a ciki, tafiyar ƙafa ce.

Da hunturun da ya biyo baya Kawu ya rasu. Ranar zaman makoki tsofaffin abokansa suka zo cikin baƙaƙen kwat, suka cire takalma a bakin ƙofa ba tare da an ce musu ba. Mai ganga ya zauna cikin sahu ya yi addu'a. Mai ƙaho ya durƙusa gaban Umma. Mutanenmu suka yi ta kallonsu ta wutsiyar ido, an rasa mai matsa musu wurin zama sai da na tashi na ba su nawa.

Bayan 'yan watanni wata jarida ta yi rubutu a kan ƙungiyar, da hoton Kawu yana saurayi, yaran mutanenmu suka yi ta turawa a waya. Sai ga kiran Alhajin nan, ya tsufa sosai amma muryar tana nan. Ya ce, "'Yata, ashe marigayi babban mutum ne haka? Ai abin alfaharinmu ne. Muna so mu karrama shi a taron ƙungiya na bana. Yaya ma sunan ƙungiyar tasu?" Na gaya masa. Ya ce in maimaita a hankali zai rubuta. Na maimaita. Taron dai ban je ba.

Yanzu zamani ya juya. Jikokin waɗanda suka yi dariya a falon nan ana biya musu kuɗin koyon fiyano da goge bayan makaranta, ana ɗaukar su bidiyo ana turawa Kano da Kaduna. Ɗan wani likita ya shiga jami'a karatun kiɗa, aka yi masa walima. Ban ce kada a yi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka sauya ra'ayi shiru-shiru, ba wanda ya tsaya ya ce da can mun yi wa wani rashin adalci. Kuma 'yata, wadda a nan aka haife ta, takan tambaye ni yadda Kawu ya koyi jita, wa ya koya masa, me ya sa ya bar karatu. An rufe maganar tun ina yarinya, mutumin da ya san amsar kuma ya tafi da abarsa.

Kwanan baya mun je gaida Baba. Ya yi rauni, yawanci yana zaune bakin taga da carbi. 'Yata ta kunna masa wani tsohon bidiyon ƙungiyar da ta samo, ta riƙe masa wayar kusa da fuska. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, a cikin duk wannan hayaniyar, wanne ne nasa?" Shekaru ya yi yana hana abin shiga gidansa, ashe bai ma san me Kawu ke kaɗawa ba. 'Yata ta nuna masa, ta ce ya saurari na can ƙasa, mai kauri. Ya karkata kai ya saurara har waƙar ta ƙare, carbin ya tsaya a hannunsa.

Sannan ya ce, "Ashe ya iya."

Umma tana zaune a gefe. Ta dube shi, kallon da ban taɓa ganin ta yi masa ba tun da nake. Ta miƙe ta kwashe kofunan shayi ta shige kicin, ta rufo ƙofa.